Ɗana ya ce komai ya gundure shi: lalaci ne ko ciwo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ɗan shekara 19 ya gama sakandare, yana jiran gurbin karatu. Wuni yake yi a ɗaki da waya a hannu, in na yi magana ya ce komai ya gundure shi. Lalaci ne wannan ko ciwo? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Gundura ita kaɗai ba ciwo ba ce, kuma ina roƙonki kada ki yi saurin kiransa malalaci. A 2012, John Eastwood na Jami'ar York ta Kanada da abokan aikinsa sun bayyana gundura a matsayin halin da mutum ke son abin da zai kama hankalinsa, amma ya kasa samu. Ke nan sha'awar yin wani abu tana nan a ransa, inda zai zuba ta ya rasa.

Abin yana da zafi fiye da yadda manya ke ɗauka. A 2014, Timothy Wilson na Jami'ar Virginia a Amurka ya zaunar da mutane ɗaya-ɗaya a ɗaki na minti 15, ba waya ba littafi, sai wani maɓalli da in ka danna wutar lantarki za ta ja ka. Maza 12 cikin 18 da mata 6 cikin 24 sun danna, alhali tun farko sun ce gara su biya kuɗi da a ja su. Wanda zai zaɓi jan wuta don gudun zaman shiru, ba abin mamaki ba ne in ya faɗa caca ko shaye-shaye, kuma bincike ya sha nuna alaƙar yawan gundura da waɗannan halaye. Nan ne damuwata take a kan matashin da ba shi da abin yi.

Wayar kuwa ƙara wa Borno dawaki take yi. Katy Tam da Michael Inzlicht na Jami'ar Toronto sun gano a 2024 cewa masu tsallake-tsallake daga wannan bidiyo zuwa wancan sun fi gundura a kan waɗanda suka tsaya suka kalli guda ɗaya har ƙarshe. Hankalin da bai zauna wuri ɗaya ba, babu abin da zai gamsar da shi.

Ga yadda za ki rarrabe. In abokansa sun zo da zancen ƙwallo ya miƙe da hanzari, yana ci yana dariya, gundura ce. Amma in abin da yake so a da ma ya daina burge shi, barcinsa da cin abincinsa sun canja, yana ganin ba shi da amfani, har mako biyu ko fiye, to ana iya zargin ciwon damuwa, ki kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa. In ya taɓa furta cewa gara ya mutu, a ranar za ki kai shi, kada ki jira.

In gundurar ce kawai, faɗa da ƙwace waya ba za su yi magani ba. Ki zauna da shi, ki bar shi ya zaɓi abin da zai koya da kansa, gyaran waya ne, ɗinki ne ko hadda, in dai yana da lokacin fita da malamin da zai tambaye shi in bai zo ba.