Me Ya Sa Gari Mai Laushi Sosai Yake Ƙin Zuba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen buga ƙwayoyin magani na wata masana'anta. Kwanan baya an kawo mana wani sinadari wanda niƙansa ya fi na da laushi, kuma tun da muka haɗa shi, sai garin ya riƙa maƙalewa a mazurarin injin, nauyin ƙwayoyin ya daina daidaituwa, amma kuma suka fi na baya tauri. A zatona, gari mai laushi shi ya fi saurin zuba. Ina na kuskure?

AMSA: Wa'alaikumus salam, malam. Ba kai kaɗai kake da wannan zato ba, domin hannu yana ruɗin mutum idan ya ji santsin gari. Abin da ke faruwa a cikin mazurarin ja-in-ja ne tsakanin nauyin kowane ɓarɓashi, wanda ke jansa ƙasa, da ƙarfin manne da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa, wanda masana ke kira ƙarfin van der Waals. Idan aka rage faɗin ɓarɓashi sau 10, nauyinsa yana raguwa sau 1,000, alhali mannen kusan sau 10 kawai yake raguwa. Shi ya sa da zarar ɓarɓashi ya yi ƙasa da kimanin mikiron 100 (wato kashi ɗaya cikin goma na milimita), manne yake fara rinjaye, kuma idan akwai ɗan danshi a iska, abin sai ya ƙara cuɗewa. Leƙa cikin mazurarin lokacin da ya tsaya: ko dai ka ga garin ya ɗaure kamar baka a saman bakin fita, ko ka ga rami ya huda tsakiya yayin da gefuna suka tsaya cak. Tun a 1964 Andrew Jenike na Jami'ar Utah a Amurka ya fayyace yadda ake lissafin faɗin bakin da zai hana hakan.

Injin kuwa da ciko yake awo, ba da sikeli ba, don haka duk lokacin da gurbin da ake danna ƙwayar a ciki bai cika daidai ba, nauyin ƙwayar zai saɓa.

Taurin da ka lura da shi daga wannan tushe ya fito. Ko ƙwallaye masu girma ɗaya aka zuba aka girgiza, kimanin kashi 36 cikin 100 na wurin fanko yake zama, kuma ƙananan ɓarɓashin su ne ke shiga waɗannan ramuka, su yawaita wuraren haɗuwa, ta yadda idan injin ya danna sai ƙwayar ta kama sosai. Saboda haka ban goyi bayan a tankaɗe su duka a zubar ba. Illarsu tana zuwa ne idan suka wuce cike ramuka suka fara raba manyan da juna, suna kuma riƙe iskar da ba ta samun mafita yayin dannawa, wadda takan sa saman ƙwayar ya ɓalle kamar murfi.

Ka gwada da kanka. Zuba giram 100 a kwalbar awo, ka rubuta inda ya tsaya, sannan ka bubbuga har ya daina sauka. Idan ya sauko daga mililita 200 zuwa 150, ka raba na farko da na biyu, za ka sami 1.33. Wannan shi ne ma'aunin Hausner, kuma abin da ya haura 1.25 alama ce ta gari mai wahalar zuba.

Maganin da ya fi inganci shi ne a cura garin ya zama ƙananan dunƙule kafin a buga. Wani abin mamaki kuma, ana gyara matsalar da ɓarɓashin da ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba: garin silika, wanda ke lulluɓe manyan ya hana su taɓa juna sosai. Ƙasa da kashi 1 cikin 100 yakan wadatar, kuma idan aka zarce, zubar takan sake lalacewa. Sai dai tunda magani ne, kada a sauya haɗin sai da amincewar sashen tabbatar da inganci na masana'antarku.