Shin sayen gida kusa da Chamonix zai ba ni izinin zama a Faransa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi karatu a Grenoble a ƙarshen shekarun 1980, kuma a can na kamu da son fina-finan masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, waɗanda ake haska mana a ɗakin taron ɗalibai idan sanyi ya shigo. Har yau ina kallonsu a nan Maraɗi, kewar duwatsun nan tana damuna. Yanzu da na kusa ajiye aiki, wani dillali ya turo mini hoton ƙaramin gida kusa da Chamonix, ya ce idan na saya za a ba ni takardar zama ni da iyalina, kuma kuɗin haya tabbas ne duk shekara. Yana son kafin alƙalami cikin mako guda. Guminmu ne na shekara da shekaru, kuma hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Rashin kwanciyar hankalin nan naka yana kan hanya, kuma ina roƙonka kada ka tura ko sisi kafin ka karanta amsar nan har ƙarshe.

Garin da ka gani a fina-finan nan ya canja. Chamonix, garin wasan zamiya a duwatsun Alps na Faransa, daɗaɗɗen wuri ne, shi ya karɓi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, amma samarin da kyamara ta riƙa bi suna gangaro kwazazzabai a zamaninku yawancinsu 'yan haya ne, wasu a mota suke kwana, suna wanke kwanuka da dare domin su sami kuɗin hawa dutse da safe. Yau masu aiki a otal-otal na garin ma da ƙyar suke samun ɗaki, domin gidajen hutu na baƙi sun cinye wurin, hukuma kuma ta juya wa irin wannan saye baya. Doka ta ba ƙananan hukumomin irin waɗannan wurare ikon ƙara har kashi 60 cikin 100 a kan harajin gida na biyu, sannan wata dokar ta Nuwamba 2024 ta ƙara wa magadan gari ikon taƙaita hayar 'yan yawon buɗe ido.

Maganar takardar zama ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin kusan kullum sai an kawo mini ita, kuma kullum da lafazi ɗaya. Mallakar gida a Faransa ba ta ba mutum izinin zama, ba ta ba shi biza, ba ta ƙara masa ko kwana ɗaya a kan abin da fasfonsa ya ba shi. Doka ba ta hana baƙo sayen gida, wannan gaskiya ne, kuma a kan wannan gaskiyar dillalai suke ɗora ƙaryarsu. Takardar mallaka tana fitowa daga ofishin notaire, wato jami'in shari'a mai hatimi wanda ke tabbatar da ciniki, izinin shiga kuwa yana fitowa daga ofishin jakadanci da hukumar shige da fice, kuma babu ɗayansu da ke karɓar umarni daga ɗaya. Wanda ke da bizar ɗan gajeren zama ta yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ke amfani da biza ɗaya, kwana 90 yake da su a cikin kowane kwana 180, ko gidan dutse ya mallaka ko a otal ya sauka. Idan aka hana shi biza, gidan yana can a kulle, haraji da kuɗin share ƙanƙara da na gyaran gini suna ta hawa, shi kuma yana Maraɗi.

Ka duba abin da ya sami 'yan Birtaniya, waɗanda ke da gidajen hutu da yawa a waɗannan duwatsu. Bayan fitarsu daga Tarayyar Turai suka faɗa ƙarƙashin ƙa'idar kwana 90 ɗin nan, 'yan majalisar Faransa suka sa musu sassauci a dokar shige da fice, amma a Janairun 2024 Majalisar Tsarin Mulki ta soke wannan sashe. Abin da maƙwabta masu dubban gidaje ba su samu ba, da wane ƙarfi dillalin da ke yi maka magana ta WhatsApp zai samo maka shi? Tushen jita-jitar shi ne tsarin da wasu ƙasashe suka taɓa yi na ba da izinin zama ga mai sayen gida, amma Fotugal ta cire gidaje daga nata a 2023, Sifaniya ta rufe nata a Afrilun 2025, Faransa kuwa ba ta cikinsu. Idan dillalin ya ce to ku tsallaka Suwizalan, can ne ma ƙofar ta fi ƙunci, domin dokarsu ta 1983 ta ƙayyade gidajen hutu da ake sayar wa baƙi, 1,500 a shekara a ƙasar baki ɗaya, kuma a ƙuri'ar raba gardama ta 2012 jama'a suka hana gina sababbin gidajen hutu a duk garin da suka haura kashi 20 cikin 100. Can ma sayen ba ya kawo izinin zama.

Hanyar da ke akwai ita ce bizar dogon zama ta mai ziyara, wadda ke neman shaidar kuɗin shiga da zai riƙe ka, inshorar lafiya, da alkawarin ba za ka yi aiki ba. Gida a wannan takarda shaidar masauki ce kawai, kuma takardar haya ma tana wadatarwa. Ka kuma tuna an rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai tun Janairun 2024, saboda haka neman bizar kansa ya ƙara wuya a gare ku.

Hayar da ya kira tabbas, galibi yarjejeniya ce ta aƙalla shekara 9 da kamfanin da ke gudanar da ginin. Ana mayar maka da harajin saye (VAT) na kashi 20 cikin 100 na sabon gini, amma idan gidan ya fita daga tsarin kafin shekara 20 za ka mayar da wani kaso, kuma makonni kaɗan za a bar maka ka zauna a ciki. A hunturun 2020 zuwa 2021, da annobar Korona ta sa aka tsayar da na'urorin hawa dutse a Faransa, masu gidaje da yawa sun ga an rage musu haya ko an dakatar. Ƙanƙarar ma tana ja da baya a wurare marasa tsayi: wurin wasan zamiya na La Sambuy da ke kusa da garin Annecy ya rufe na'urorinsa a 2023.

Kafin alƙalami kuwa ba a aljihun dillali yake shiga ba. Ana sa hannu a yarjejeniyar farko, kuɗin, yawanci kashi 5 zuwa 10, su shiga asusun ajiya, galibi na notaire, kuma doka ta ba mai saye kwana 10 ya janye ba tare da asara ba. Ka tanadi ƙarin kashi 7 zuwa 8 na haraji da kuɗin takardu idan tsohon gida ne. Ka nemi sunan notaire ɗin, ka kira ofishinsa da kanka, ka kuma ce wa dillalin ya rubuta maka sashen dokar da ya ce yana ba da takardar zama. Shi kuwa ya ji tsoron Allah, domin cin dukiyar dattijo ta hanyar kewar ƙuruciyarsa zalunci ne da za a tambaye shi a kansa. Shawarata, Alhaji, ka fara neman biza, ka kama haya na wata ɗaya a Fabrairu, ka ga farashi da sanyi da cunkoso da idonka, sannan mu sake magana a kan saye.