Abin da ya sa na hana ka taɓa siminti a tsohon cocin nan

Tambayarka ita ce me zai hana mu cike tsakanin bulon tsohon cocin nan da siminti mu huta. Yaro, ajiye cokalin nan ka saurara.

Ɗaga kai ka dubi ginin tukuna. Na 'yan Furotesta ne, wa'azi ne gaba da komai a wurinsu, shi ya sa mumbari ya fito fili, tagogi manya don kowa ya ga karatu, ga bene ya kewaye ciki don na sama ma su ji. Tun cocin fadar Torgau a Jamus, wanda Martin Luther, jagoran 'yan Furotesta, ya keɓe a 1544, ake ganin wannan tsari. Maginin cocin nan da muke gyarawa da kwaɓin farar ƙasa da yashi ya ɗora jan bulonsa. Simintin da kuke taƙama da shi sai a 1824 Joseph Aspdin ya yi masa rajista a Ingila, kuma an daɗe kafin magina su koma kansa.

Farar ƙasa tana barin danshi ya fita. Siminti ya fi tsohon bulo tauri, yana kulle ruwa a ciki, sai ruwan ya nemi hanya ta jikin bulon, ya fito da gishiri, fuskar bulon ta riƙa zubewa.

Da guminmu na koyi wannan. Na taɓa karɓar gyaran wani coci irin wannan, shugaban kwamitin aiki ya kafe sai siminti, wai yana son a gama kafin taronsu. Na faɗa masa sau uku. Ya ce in ba zan iya ba akwai masu iyawa. Ga yara na jiran sallama, na yarda, kuma ban sa ya rubuta ba. Damina biyu kacal, bangon bayan mumbari ya fara zubar da gari. A gaban dattawa mutumin nan ya rantse bai taɓa jin gargaɗina ba! Suka riƙe ragowar kuɗina. Wata huɗu muna ƙwaƙule simintin da kurfi, layi bayan layi, ba ko sisi, don kada sunana ya ɓaci. Har yau in na tuna fuskarsa raina sai ya ɓaci.

Ku yaran yanzu ba ku son aikin da ke buƙatar jira. Awon kwaɓi ba sai na koya maka ba. Je ka jiƙa bangon, kuma in mun gama ka rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, kada rana ta busar da shi da wuri.