Baƙar lamba a tsohuwar Peugeot: shekarar ƙira za ka fara dubawa

Wani ɗan'uwa mazaunin Manchesta ya aiko da tambaya. Ya sayi Peugeot 504 ƙirar 1981, irin wadda mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ya hau a Kaduna. Ya ga wani maƙwabcinsa Bature ya maƙala wa tasa tsohuwar motar baƙar lamba mai rubutun azurfa, shi ma yana so. Yana kuma tambaya ko zai iya sa tsohuwar lambar mahaifinsa ta gida a bayan motar, don tunawa.

Malam, Allah ya sanya albarka a motar. Duk wanda ya tashi lokacin da ake harhaɗa 504 a Kaduna, tun daga 1975, ya san abin da ya ja ka gare ta. Sai dai amsar ba za ta yi maka daɗi ba: motarka ba ta cancanci baƙar lamba ba, kuma ko ta ƙara shekara ashirin a hannunka, muddin dokar tana nan yadda take, ba za ta cancanta ba.

Ga inda mutane da yawa ke rikicewa. A da, motar da aka ƙera kafin 1 ga Janairu 1973 ce kaɗai ke da izinin baƙar lamba a Birtaniya. A 2015 aka haɗa izinin da rukunin harajin motocin tarihi, wato duk motar da ta haura shekara 40 ta shiga rukunin, sai ta samu. Kowace shekara sababbin motoci na shigowa. Daga 1 ga Janairu 2021 DVLA, hukumar rajistar motoci ta Birtaniya, ta tsayar da abin cak: sai motar da aka ƙera kafin 1 ga Janairu 1980, kuma wadda aka yi wa rajista a rukunin tarihi. Sharuɗɗa biyu ne, dole su haɗu. Yafe haraji ya ci gaba da tafiya da shekara 40 ɗinsa, baƙar lamba kuwa ta tsaya a 1980. Shi ya sa motarka za ta iya zama ta tarihi a takarda, ba ka biyan ko kwabo na harajin hanya, amma lambarta ta ci gaba da zama fara a gaba, rawaya a baya, mai ɗaukar haske.

Abu ɗaya zan so ka bincika kafin ka haƙura. Doka shekarar ƙira take dubawa, wadda kan bambanta da shekarar rajista. Mota kan daɗe a ajiye kafin a sayar da ita, ko a shigo da ita daga wata ƙasa daga baya. Duba takardar rajistar motarka ta V5C da lambar shasin motar. Idan kana da dalilin zaton an ƙera ta a 1979, nemi shaidar hakan a rubuce daga kamfanin, ka kai wa DVLA su gyara. Kada ka dogara da bakin wanda ya sayar maka.

Rukunin tarihin ma ba ya zuwa da kansa. Ka je gidan waya mai karɓar harajin mota da V5C ɗinka, tare da takardar MOT, wato gwajin lafiyar mota, ko fom V112 idan kana neman a ɗauke maka gwajin. Bayan nan kowace shekara sai ka sabunta harajin duk da ba ka biyan komai, inshora kuma tana nan daram. Kuma ka sani, motar da ke wannan rukunin ba a haya ko kasuwanci da ita, don haka batun ɗaukar amare da ita don kuɗi ka ajiye shi.

Lambar Baba kuwa, ka sa ta a firam ka rataye a falo, yara su riƙa gani suna tambaya. A kan titi motar ba ta ɗaukar wata lamba sai wadda aka yi mata rajista da ita. Ko tutar Najeriya ba a yarda a buga a jikin lamba ba, tutocin Birtaniya kawai aka amince da su.

Ina jaddada wannan ne saboda matsayinmu na baƙi. Lambar da ta saɓa ƙa'ida na iya jawo tarar da ta kai fam 1,000, motar ta faɗi gwajin MOT. Baƙar lamba a motar 1981 kuma abu ne da ɗan sanda ke ganewa daga nesa. Idan magana ta kai kotu aka yanke maka hukunci, dole ka bayyana shi ranar da kake cike takardar neman zama ɗan ƙasa, inda ake duba halin mutum. Ban so kwalliyar mota ta shiga cikin wannan fayil ɗin naka.

Idan lambar da ke jikinta ta tsufa, je wurin mai buga lamba da ke da rajista da DVLA, ka tafi da takardar shaidar ko kai wane ne da V5C. Masu tallar lambar ado a intanet, waɗanda ba sa tambayar takarda ko ɗaya, ka bar musu kayansu.