Me ya sa maigida ya hana ka taɓa karbirato

Ɗana, saƙonka ya iso, ina fatan kowa lafiya a Marwa. Na ji koken naka, wai tun da aka kai ka gareji ba abin da kake yi sai wankin kaya da miƙa kile, wato sifana, maigida ya ce aparanti mai koyon aiki baya buɗe karbirato, abin nan da ke haɗa mai da iska kafin su shiga inji, kana tambaya ko wannan al'adar tana da tushe ko dai ɓoye sana'a ne kawai. Ka kuma haɗa da maganar tsofaffin direbobi masu tace mai da ƙyalle da masu ɗaura jiƙaƙƙen tsumma a kan pompin mai, kace kai kam kamar camfi kake gani. Toh bari in amsa maka a tsanake, don wlh abin da ka tambaya shi ne tsakiyar sana'ar.

Haka muma muka tarar anan Garwa, kuma ba rowa bace. Dalili shi ne duk bashe, wato a-kori-kura, da ta shigo gareji tana shaƙewa ko tana mutuwa a hanya, mai ita abin da zai fara cewa karbirato ne a wanke min, yaro kuma hannunsa na ƙaiƙayi, zai ɗauki turnabis, wato sukundireba, ya hau murɗa sukurorin ralanti masu daidaita aikin inji in mota na tsaye, ya kwance jikile, ɗan abin da ke auna man da zai wuce, ya zura masa waya, alhali jikile tagulla ne mai laushi, ramin nan ɗan ƙarami da awo aka huda shi, ka buɗa shi ko yaya ne shikenan motar ta koma shan mai da baƙin hayaƙi har sai an sayo wani. Kuma bayan duk wannan ɓarnar sai a gano asalin ciwon yana can baya a tanki. Shi ya sa magabata suka ce karbirato a ƙarshe ake zuwa masa, man ake bi tun daga inda ya taso har inda zai ƙone, kuma yaron da bai iya bin mai ba ba'a bashi turnabis.

Ka duba irin motocin da ke hannunmu. Peugeot 404 da 504 bashe, da yawansu daga kamfanin Kaduna suka fito wanda ya fara haɗa mota a 1975, sai tsofaffin Hilux na esansi, wato fetur. Na Peugeot yawanci karbirato ƙirar Solex ne a kansu. Ba wani lantarki a hanyar man, pompi ne na inji da kamshaf ke kaɗawa, da wata fata a ciki tana zuƙo mai daga tanki tana turawa cikin ɗan kwanon karbirato, a nan fulote, ɗan abin da ke iyo a kan man, ke tasowa ya danna allura ta rufe idan kwanon ya cika. Tankunan nan sun haura shekara talatin wasu arba'in, cikinsu tsatsa ce, sannan me muke zuba musu? Zuwa-zuwa, wato man sumoga na kwalba a bakin titi, wanda ya sha hanya daga Najeriya cikin jarkoki a bayan mashin, an juye shi daga wannan mazubi zuwa wancan a fili cikin ƙura, kuma tun da aka cire tallafin mai a can a 2023 ya yi tsada, sai ka ƙara sa ido don marar tsoron Allah zai iya surka shi da kalanzir. Kaga tace mai da ƙyalle ba camfi bane, yashi da datti yake tarewa. Ruwa ne dai ƙyalle baya tarewa, shi ya sa zaka ga tsoho ya ɗaga kwalbar sama yana kallon gindinta kafin ya yarda a zuba, ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake kwantawa, kuma baya bari a juye ɗigon ƙarshe.

In mota ta zo maka da cewa tana tafiya ta mutu, ta huta kaɗan ta sake tashi, fara da murfin tanki. Buɗe shi a hankali ka saurara, in kaji ya ja iska fuuu to ƙofar numfashinsa ta toshe, tankin ya riƙe man pompi ya kasa ja. Daga nan filta, ka cire ka duba ko ta yi ja da tsatsa. Sai tiyo, ka bi shi da hannu har gaba, tsohon tiyo yana tsagewa ya riƙa shan iska ba tare da ka ga ɗigon mai a ƙasa ba, wannan yana wahalar da mutane sosai. Sannan ka zare tiyon da ke shiga karbirato ka sa bakinsa a kwalba, ka cire wayar bobin, wato koyil mai ba da wuta, tukuna saboda tartsatsi, wani ya murɗa makulli, in pompi na da lafiya zaka ga mai na tsartuwa da ƙarfi bugu bayan bugu. In yana zuwa a sanyaye fatar ta gaji. Ka zaro sandar awon baƙin mai ka shinshina, in kaji warin esansi ko kaga ya ƙaru ya tsinke, fatar ta fashe mai na zuba cikin inji, kada ka bar motar ta fita a haka, inji zata kashe.

Shi kuma jiƙaƙƙen tsumma, ka jira watan Afrilu lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ka ɗauko kaya daga Mora ka nufi Waza a hankali saboda ramuka, iska bata shiga inji, man da ke cikin pompi da tiyo sai ya tafasa ya zama tururi, pompi kuma ruwa yake iya turawa banda tururi. Direba ya jiƙa tsumma ya ɗora, man ya huce, mota ta tashi. Dabara ce ta gaske amma ta hanya ce, in an dawo gida a duba ko tiyon ya matso kusa da bututun hayaƙi a janye shi.

Kar ka manta da iska da wuta. Lokacin hunturu ƙura na toshe filtar iska cikin ɗan lokaci, mota ta hau baƙin hayaƙi buji, wato fulogogi, su yi baƙi ƙirin, a ce karbirato ne. Platin mai yanke wuta da ya cinye ko delko mai rarraba wuta da ya goce suma haka suke sa mota tari da harbi. Sai duk waɗannan sun fita daga zargi sannan a sauke karbirato, a wanke da mai mai tsabta, a hura jikile da iska, a girgiza fulote a kunne a ji ko mai ya shige shi, a duba allura ko ta ci, a canza gasket na gindi in yana shan iska. A lokacin ne za'a daidaita ralanti, inji da zafinsa, da kunne, kuma kunnen nan kake koya yanzu kana tsaye da kile a hannu, dan Allah ka riƙa saurare duk lokacin da maigida ya murɗa sukuru.

Amma ba duk abin da muka gada zan ce ka riƙe ba. Zuƙar esansi da baki ta tiyo, wannan ka bar shi ko waye ya sa ka, in ya sarƙe ka ya shiga huhu ciwo ne mai kai mutum asibiti, ɗan famfon roba na hannu ba tsada gare shi ba. Haka tsiyaya mai a maƙogwaron karbirato mutum ya sunkuya a kai ana tada mota, in ta harba baya wuta ce a fuska, na ga wanda abin ya ƙona kuma har yau tabon na nan. Ɗaura jarka a saman mota a jawo tiyo kai tsaye, in ka maƙale a daji tsakanin Waza da Kusiri babu yadda zaka yi zai kawo ka gari, amma wasu sun mayar da shi gyara suna yawo da fasinja a haka, wannan ganganci ne da rayukan mutane.

Game da maigidanka, kada ka tambaye shi a gaban mai mota ko gaban sauran yara, ba'a yin haka. Ka bari da yamma an tattara kaya ka same shi da ladabi kace Baba ina son in an sauke karbirato na gaba ka bari in tsaya kusa in riƙe maka faranti. Ka nemi wani mataccen Solex a cikin tarkacen gareji, da izininsa, ka riƙa kwancewa kana mayarwa har hannunka ya san mazaunin kowane jikile. Ka gaida shi da kyau, ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka, in ka samu hutu ka zo Garwa akwai 504 a ƙofar gida da ke buƙatar a wanke mata tanki.