Matasa sun nemi in ɗauki nauyin zagayensu na keke

Tambaya: Malam, ina da shagon kayan keke a Kano. Wasu matasa, yawancinsu masu sayen kaya a wajena ne, sun shirya zagaye a kan keke daga Kano zuwa Dambatta, Kazaure da Daura, su ratso ta Ɓaɓura, Maigatari da Gumel su dawo gida. Sun ce in ɗauki nauyinsu, su kuma su sa sunan shagona a rigunansu. Akwai riba, ko kuwa sadaka ce kawai?

Amsa: Alhaji, in don sunan da za a rubuta a riga ne, riƙe kuɗinka. Wanda ya ga mai keke ya gifta shi a hanyar Kazaure ba zai tsaya karanta bayansa ba, kuma ko ya karanta, ba zai hau mota zuwa Kano don sayen birki ba. Ribar tana wajen masu facin keke da ke zaune a gindin bishiya a duk garin da za a bi. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, mutane da yawa sun kakkaɓe kekunan da suka jingine, aikin masu faci ya ƙaru, kuma dole akwai inda suke sarin kaya. Me zai hana wajenka ne?

Saboda haka kada ka ba da tsabar kuɗi. Ba da kaya: taya, tub, sarƙa, robar birki, famfo, sholisho da abin faci. A farashin sari suka zo maka, amma matasan za su lissafa su a farashin kasuwa, ka ga gudummawarka ta yi kauri ba tare da ta taɓa uwar kuɗi ba. Sai dai ka zaɓi mai kyau. Da zarar an sauka daga kwalta an shiga burji ko hanyar shanu, tsidau da ƙaya ne ke jiran taya. In ka ba su wadda ta daɗe a shago har ta fara tsagewa, a gaban masu facin da kake zawarci za ta kunyata ka.

Sai ka haɗa su da yaron shagonka guda, mai baki, wanda ya iya gyara. Ya bi su da babur da buhun kaya, kada ka ɗauko a-kori-kura, man da za ta sha zai cinye ribar. Aikinsa biyu ne: ya gyara musu in sun samu matsala, sannan duk inda aka yada zango ya nemi mai facin garin, su gaisa, ya nuna masa kaya, ya karɓi lambar wayarsa, ya tambayi abin da ya fi wahalar samu. Ku tsara tafiyar ta yadda za su kwana Maigatari ran Laraba da dare, tunda kasuwarta ran Alhamis take ci, kuma har mutanen Nijar na shigowa. Bashi kuwa, ban da shi a haɗuwar farko, komai daɗin bakin mutum.

Lokaci ma kuɗi ne. A Disamba ko Janairu a yi tafiyar, da sanyin hunturu. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a wannan yanki, kuɗin ruwa kaɗai ya isa ya dame ka, balle wani ya yanke jiki ya faɗi.

Nan ne ma nake so ka fi natsuwa. Ranar da sunanka ya hau rigar, in tsautsayi ya faɗa wa ɗan wani, ƙofar shagonka iyayensa za su fara zuwa. A rubuta takarda da shaidu: ga abin da ka bayar, ga inda hannunka ya tsaya, kuma kowane yaro ya zo da yardar mahaifinsa. Su kai takarda ga 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra, su riƙa gaida dagaci ko hakimi kafin su shimfiɗa tabarma a garin mutane, kuma kada magariba ta same su a hanya.

Nawa za ka kashe? Abin da in ya tafi bai dawo ba, ba za ka kasa biyan kuɗin haya ko sarin wata mai zuwa ba. Bayan wata uku ka buɗe littafi ka ƙirga masu faci nawa ne cikin waɗanda yaronka ya rubuto suka kira suka sayi kaya. In sun dawo da kuɗin mai da na kayan da ka bayar, baɗi kai za ka nemi matasan da kanka.