Wace Rawa Zan Fara Koya?

Tambaya: Anti don Allah ina so in shiga makarantar koyon rawa amma na ga kala-kala, bale (rawar da ake tsayawa kan yatsun ƙafa), salsa, tango, hip-hop, kaina ya ɗaure, wacce zan fara?

Amsa: Ƙanwata bale ce tushe, a fadojin Italiya ta samo asali sannan Faransa ta raya ta, sai dai akwai wuya wallahi, za ki daɗe riƙe da sandar jikin bango kina ɗaga ƙafa kafin a bar ki ki tsaya kan yatsu. Salsa da tangon Ajantina sai da abokin rawa. Hip-hop kuwa a titunan New York ta taso a shekarun 1970, ke kaɗai ma kin isa, ni dai da ita zan ce ki fara.